Tulun Sarkin Faransa da Langar Amaryar Gidan Amumune: Martani ga Mai Kushe Jere

Malam, na karanta rubutunka kan kayan ɗakin amare, wanda ka gina a kan wani biki da ka ce ka halarta a Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi. Ka taɓo maganar da ke ci wa iyaye tuwo a ƙwarya, a nan kam sai yabo. Amma hujjojin da ka jera ba su ɗauki nauyin hukuncin da ka yanke ba, shi ya sa na ga ya wajaba in mayar maka da martani.

In na fahimce ka daidai, abu uku ka faɗa. Na ɗaya, jeren kwanuka da farantan ƙasar Sin a ɗakin amarya tarkace ne da babu basira a cikinsa, saɓanin tulunan tangaran masu ƙafafu da hannaye na tagulla mai ruwan zinariya da ka gani a gidajen tarihin Turai, waɗanda a ganinka masu sarauta suka tara saboda sanin darajar fasaha. Na biyu, jere baƙon abu ne da ya kori ƙwarya da akushi, ya raba mu da al'adarmu. Na uku, dukiya ce da aka kashe aka kwantar a jikin bango ba ta amfanar kowa. Daga nan ka nemi sarakuna da malamai su hana shi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da tulunan, tunda su ne mudun da ka auna mu da shi. Mafi yawansu a Jingdezhen aka yi su, wani gari a lardin Jiangxi na ƙasar Sin, inda ake kwaɓa farar ƙasa da garin wani dutse, a gasa a wutar da zafinta ke kaiwa maki 1,300. Wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna d'Entrecolles, da ya zauna a can, ya rubuta a 1712 cewa kwano guda kan bi ta hannun ma'aikata har saba'in kafin ya kammala. Turawa sun daɗe suna saye ba su san sirrin ba, sai a 1708 aka dace da shi a Dresden, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Ke nan a wurinsu ma kayan baƙi ne, daga ƙasar da yau kake ƙorafin ta cika mana ɗakuna.

To me suka yi da kayan da suka iso hannunsu? A birnin Paris na ƙarni na 18 akwai dillalan kayan ƙawa a titin Saint-Honoré. Ɗaya daga cikinsu, Lazare Duvaux, ya bar littafin cinikinsa na shekarun 1748 zuwa 1758, kuma cikin manyan abokan cinikinsa akwai Madame de Pompadour, farkar Sarki Louis na 15. Irin waɗannan dillalai kan ɗauki tulun Sin su sa a yanke masa wuya da zarto, a huda kafaɗarsa, ko a kifa kwano biyu baki da baki su zama mazubin turare. Sai a kai wa maƙera su yi masa gindi da hannaye da murfi na tagulla, da irin murɗe-murɗen da ake yayi a fada a lokacin. Sau da yawa kuɗin adon kan fi kuɗin tulun. Da maginin Jingdezhen zai ga abin da ya fito daga hannunsa, da wuya ya shaida shi. Mai girmama fasahar wani ba ya sa mata zarto. Abin da suke so shi ne tulun ya dace da ɗakinsu, baƙo ya shigo ya san gidan wa ya shigo.

Al'adar ta girmi Paris ta Louis na 15. Tulun nan da ake kira na Fonthill, wanda ke gidan tarihin ƙasar Ayalan a Dublin, an yi shi a Jingdezhen a farkon ƙarni na 14, aka yi masa ado da azurfa a Turai a 1381 aka mayar da shi buta. Ya yi ta yawo daga hannun wannan basarake zuwa wancan, daga baya a ƙarni na 19 aka cire adon. Wani zamani ya sa masa riga, wani ya tuɓe. Yayi ne, irin wanda ya sa samira ta kori langa, kula ta kori samira.

Ka ce namu tari ne kawai, nasu zaɓe. A fadar Charlottenburg da ke Berlin akwai ɗakin da aka kammala a 1706, an jera tangaran kusan 2,700 a bangonsa tun daga ƙasa har rufi, an sa madubai don ido ya ga kamar sun ninka haka. A fadar Santos da ke Lisbon, wadda yanzu ofishin jakadancin Faransa ne, faranti fiye da 260 aka manna a rufin ɗaki guda. In wannan ba jere ba ne, ina son ka gaya mini sunansa. Sarkin Saxony kuwa, Augustus, a 1717 ya ba sarkin Prussia sojojin doki 600, ya karɓi tangaran guda 151. Mutane masu rai, masu iyaye da 'ya'ya, aka musanya da tuluna. Ban taɓa jin uwar amarya a Tasawa ko Mayahi ta yi makamancin wannan ba, amma ita ka kira mai almubazzaranci, shi kuma ka sa shi a sahun masana.

Akwai kuma abin da gilashin gidan tarihi ba ya nunawa. Ruwan zinariyar nan da ya ɗauke maka ido, ga yadda ake yin sa: a narka zinariya cikin zaiba ta zama kamar man shanu, a shafa a jikin tagulla, a ɗora a kan garwashi. Zaibar ta tashi ta zama hayaƙi, zinariyar ta manne. Hayaƙin kuma yana shiga ƙirjin maƙerin da ke tsaye a kai. Hannu ya fara karkarwa, haƙora su zube, hankali ya gushe, da yawansu ba su ga tsufa ba. Wani kason kayan kuma ganima ce: a 1860 sojojin Ingila da Faransa sun wawashe fadar bazara ta sarkin Sin kusa da Beijing, sannan na Ingila suka cinna mata wuta, kuma da abin da aka kwaso ne matar Napoleon na 3 ta buɗe ɗakin kayan Sin a fadar Fontainebleau a 1863. Langar amaryar Gidan Amumune da kuɗin ƙuli-ƙuli da na akuya aka saye ta. Kowanne cikin biyun ka ɗora a sikelin halal, ka san inda zai rinjaya.

Hujjarka ta biyu ita ce baƙunta. A nan ina ganin ka manta inda ka tsaya kana magana. Ƙasar Tasawa hanyar ayari ce tun tale-tale. Heinrich Barth ya ratsa ta Tasawa a watan Janairun 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, kuma ya lissafa abin da ya tarar a kasuwar Kano: yadin Manchester, allurai da madubai na Nuremberg, duwatsun ado na Venice, da dubban ruwan takobi daga Solingen ta ƙasar Jamus. Ruwan takobin nan tsirara yake zuwa. A Kano ake yi masa ƙota, dukawa su ɗinka masa kube, a sayar wa Buzaye da barade. Wa ya taɓa cewa takobin basaraken Hausa ba na Hausa ba ne don ƙarfensa daga Jamus ya zo? Abin da maƙeran Kano suka yi wa ƙarfen Solingen shi ne abin da maƙeran Paris suka yi wa tulun Jingdezhen, shi ne kuma abin da 'yan jere ke yi wa kwanon Sin.

Mu ƙara komawa baya. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, an tona kaburburan manyan mutane a 1907, aka sake tonawa a 1992. Cikin abin da aka samu akwai wuri, wanda daga teku mai nisa yake zuwa, da kwanon ƙarfe da masana suka danganta da ƙasashen Gabas. Tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar Hausa, manyanmu suna ƙawata kansu da kwanon da ya ƙetaro Sahara. Magina kuma sun daɗe suna dasa faranti ko tasa a tsakiyar rufin soro da jikin bango, kowa ya shiga tsofaffin gidajen Zariya, Kano ko Damagaram zai gani. 'Yan'uwanmu Musulmi na gaɓar gabashin Afirka haka suke: a Lamu ana sassaƙa ƙananan tagogi a bangon ɗakin ciki don jera tangaran, a Mambrui kusa da Malindi har a jikin ginshiƙin kabari aka manna kwanukan Sin.

Kwanon da ya cika ɗakunan iyayenmu mata ma ba duka ne ya ƙetaro teku ba. Da farko daga Turai da Hong Kong ake kawo shi, amma tun shekarun 1960 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsa a Legas da Kano, fatake suna ɗaukowa ta Jibiya da Maraɗi zuwa kasuwannin ƙauye. Masu yin sa kuma bin son matanmu suke yi, launin da mata suka ƙi ba ya sake fitowa. Sannan ƙwarya ba ta mutu ba. Har gobe da ita ake dama fura a Gidan Amumune, faifan da ake rufe ta da shi kuma da kabar Gulbin Kaba ake saƙa shi.

Wani abu ya ɗaure mini kai a rubutunka. Shaddar da muke yi wa aiki mu sa ranar Juma'a daga Ostiriya ko Sin take zuwa. Alkyabbar sarki asalinta Magrib. Jar dara, agogo, babur, wayar hannu da kowane saurayi ke canzawa duk shekara, babu wanda aka ƙera a Mayahi. Ba ka kira ko ɗaya baƙo ba. Baƙunta ba ta tashi damunka ba sai da ka leƙa ɗakin mace. Laifi tudu ne, Malam.

Yanzu ga hujjar da ta fi nauyi, cewa dukiya ce kwance. Da ka tsaya ka tambayi matan da suka yi jeren, da sun ba ka lissafi. Uwa takan fara tari tun yarinya ba ta yi wayo ba. Ta sayi fanteka bana bayan an sayar da wake, baɗi ta ɗauki adashi ta ƙara kwalla biyu, ta tura ƙarƙashin gado. Ran jere, gwaggo ta kawo nata, inna ta kawo nata, ƙawayen uwa su biya bikin da ta yi musu a shekarun baya. Sai 'yan jere su rufe ƙofa su fara aiki: manya a ƙasa, matsakaita a kansu, ƙanana a sama, kowane saiti launinsa ɗaya, murfi a kife, fure yana kallon ƙofa. In ɗaya ya karkace sai a sauke layin duka a sake. Matar da ta shigo ganin ɗaki ba ƙarfe take ƙirgawa ba. Tana karanta yawan mutanen da ke bayan yarinyar nan, waɗanda za su tsaya mata in an taɓa ta. Dangin miji ma sun iya wannan karatu sarai.

Ba ni kaɗai na ga haka ba. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta kan aure a Maraɗi da ya fito a 1997, ta bi yadda kayan aure suka sauya daga ƙwarya zuwa kwano a ƙarni na 20, ta nuna cewa ta wannan hanya mata ke bayyana darajarsu da ƙarfin zumuncinsu, kuma kayan mallakar amarya ne. Wannan batu na mallaka shi ne ka tsallake. A karkarar Maraɗi gona ta ƙanƙance saboda yawan jama'a, gamanar da miji kan yanka wa matarsa tana ƙara wuyar samu, rabon gadon ƙasa kuma sau da yawa ba ya isa hannun mace ko da shari'a ta ba ta. Banki yana birni. Me ya rage da mace za ta ce nata ne, miji ba ya taɓawa sai da izininta, in aure ya mutu ta kwashe abinta? Kayan ɗakinta da 'yar akuyarta.

Kuma kayan suna tashi in rana ta ɓaci. Wanda ya ga yunwar 1984 ko matsalar abinci ta 2005, wadda ta fi tsanani a jihohin Maraɗi da Damagaram, ya san abin da dillalai suka riƙa fitarwa daga gidaje. Kwalla ta koma tiyar hatsi, fanteka ta koma kuɗin magani. Gidaje da yawa bangon ɗakin mace ne ya kai su kaka. In kana ganin wannan ƙauyanci ne, to sarakunan da kake yabo sun riga mu: a 1689 Louis na 14 ya sa aka narkar da kujeru da tebura na azurfa na fadar Versailles don biyan kuɗin yaƙi. Bayan juyin juya halin 1789 kuwa gwanjon kayan fadar aka yi, attajiran Ingila suka yi ta saye a shekarun da suka biyo baya. Irin wannan hanya ce ta cika gidajen tarihi kamar na Wallace da ke Landan, wanda aka buɗe wa jama'a a 1900. Abin da ka tsaya kana kallo da sha'awa, kayan ɗakin wasu ne da wuya ta sa aka sayar.

Duk da haka, ba zan ce babu gyara ba, kuma a nan muna tare. Akwai uban da ke sayar da gona ko ya ci bashi da ruwa don kada a yi da shi. Akwai yarinyar da ake cirewa daga makaranta a ɗora mata talla don a tara kuɗin kwano. Akwai auren da ake fasawa, da amaryar da dangin miji ke yi wa gori don jerenta bai kai na kishiya ba. Waɗannan zalunci ne, addini bai yarda da su ba, kuma kowa ya san ɗan abin da aka kai Nana Faɗima ɗaki da shi. Akwai ma wata matsala da ba ka ambata ba, wadda a ganina ta fi duka: kayan yanzu ba sa riƙe daraja. Tasar Bida da kwanon da can ana sayar da su bayan shekara ashirin a sami abin kirki. Roba da kabet ɗin garin katako kuwa, damina biyu ta ishe su. Jeren da ba ya sayuwa ya daina zama asusu, ya zama ado zalla. In akwai inda al'adar ke rubewa, nan ne.

Amma maganin da ka kawo, wato hani, an gwada shi. Gwamnatin Seyni Kountché ta yi ƙoƙarin ƙayyade kuɗin da ake kashewa a aure, masu wa'azi sun shekara da shekaru suna faɗa, jere bai fasa ba. Dalili kuwa a fili yake: ba a raba mutum da rumbunsa sai an nuna masa wani. Hukumar Hisba ta Kano ta fahimci haka, shi ya sa da aka fara auren zawarawa a 2012 ba a kai amare ɗaki wayam ba, an haɗa musu da gado da katifa da ɗan jari. Misali mafi kusa kuma a jiharmu yake. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, inda mata ke zuba kuɗi duk mako a akwati su ranta wa junansu, tsarin da daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da dama. Ba wanda ya hana su sayen kwano. An ba su wata ma'ajiya ce, su da kansu suka auna inda kuɗinsu ya fi tsira.

Don haka ga abin da nake ganin ya fi hani. Iyaye su rage yawan saiti, su mayar da rabin kuɗin tunkiya, keken ɗinki ko ɗan kunnen zinariya, a ba yarinya a gaban shaidu a matsayin nata. Malamai su karkata wa'azinsu ga masu gori da masu hana mata gadon gona, domin su ne ke hura wutar gasar. Sarakuna da masu unguwanni su tsaya kan cewa ba a cire yarinya daga aji saboda kayan ɗaki. Mu maza kuma mu fara da namu kashe-kashen kuɗin kafin mu leƙa bangon mata.

Kira na ƙarshe ga masu kula da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai da Gidan Makama a Kano. Tsofaffin langa da tasa da fanteka suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, ana auna su a kilo. A nemi cikakken jere irin na shekarun 1960 da 1970, a saye shi da daraja daga hannun masu shi, a kira tsofaffin 'yan jere su tsara shi da hannunsu, a rubuta wace ce ta tara, da sana'ar da ta yi ta tara. Tulun Faransa ya sami masu rubuta tarihinsa shekara ɗari biyu, shi ya sa ka tsaya a gabansa da ladabi. Kai kuma Malam, in Allah ya sake kai ka Gidan Amumune, ka nemi izini ka zauna da uwar amarya, ka tambaye ta yadda kowane kwano ya shigo gidan, sannan ka sake ɗaukar alƙalami. Allah ya sa mu dace.